TUNA BAYA: 'In Da So Da Ƙauna', tsohon fim ɗin soyayya da ya cancanci kallo a hutun Sallah

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kwanar Dangora ranar jajibirin Sallah ya san yadda mararrabar take cika ta batse. Motocin da suka taso daga Abuja da Kaduna da Zariya suna sauke fasinja kafin su miƙe Kano, wasu kuma suna karya kwana su ɗauki hanyar Tudun Wada da Doguwa, su ratsa dajin Falgore su nufi Jos. Yawancin masu saukar matasa ne, ɗalibai da 'yan ƙwadago da ƙananan ma'aikata waɗanda suka dawo yin Sallah a garuruwan Ƙiru da Bebeji da ƙauyukan da ke kewaye. Kafin su hau babur su shige gida, da yawansu sukan biya wurin masu tura fim a waya, domin sun san bayan an sauko daga Idi, an ci tuwon Sallah, an gama zagayen gaishe-gaishe, akwai dogon dare da za a zauna a tsakar gida ana neman abin kallo.

Abin da aka fi tura musu shi ne sababbin fina-finai masu dogon zango da kuma na Indiya da aka fassara. Wannan bayani kuwa a kan wani tsohon fim ne wanda ya girmi akasarin masu riƙe da wayoyin, wato In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Labari ne na soyayya, amma tambayar da ya ɗora a gaban jama'a fiye da shekara talatin da suka wuce ba ta tsufa ba: wa ke da ikon zaɓa wa yarinya miji, kuma mene ne matsayin talaka idan ya haɗa neman aure da mai kuɗi?

Littafi ne kafin ya zama fim

In Da So Da Ƙauna ya fara fitowa ne a matsayin littafi a Kano cikin 1991. Marubucin da kansa ya ɗauki nauyin buga shi, ba wani babban kamfanin ɗab'i ba, kuma ya bazu ta hannun masu sayar da littattafai a kasuwa da shagunan bayar da haya, har ya shiga sahun littattafan Hausa da suka fi ciniki a zamaninsa. An fitar da shi da Turanci da sunan The Soul of My Heart. A 1994 aka mayar da shi fim na kaset, shekara huɗu kacal bayan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, wanda masana suke ɗauka a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da aka yi domin kasuwa.

Ke nan fim ɗin ya riga sunan Kannywood zuwa duniya. Sai a 1999 Sunusi Shehu Daneji ya ƙirƙiro wannan suna a mujallar Tauraruwa, kuma a shekarar ce Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim. A 1994 babu masana'anta a ma'anar da aka san ta yau. Akwai dai ƙungiyoyin wasan daɓe, da marubuta, da masu kyamarar ɗaukar biki, da 'yan kasuwar kaset, kowa yana laluben hanya.

Shi marubucin, an haife shi a 1964 a Ɗanbagina da ke yankin Dawakin Kudu, ya tashi a cikin birnin Kano. Karatun allo ya fara yi, bokon kuwa sai da ya girma ya same shi ta ajin manya na yaƙi da jahilci. Wannan ba ƙaramin bayani ba ne ga mai son fahimtar yadda siyasa take haifar da adabi. Gwamnatin PRP ta Muhammadu Abubakar Rimi ce ta kafa hukumar ilimin manya ta jihar Kano a 1980, hukumar da har UNESCO ta ba lambar yabo. Mutanen da suka koyi karatu da rubutu a irin waɗannan azuzuwa, tare da yaran da suka shiga firamare a ƙarƙashin shirin ilimi kyauta na 1976, su ne suka zama masu rubuta littattafan soyayya, su ne kuma masu sayen su. Ado Ahmad ya jagoranci ƙungiyar marubuta ta Raina Kama tare da Ɗan'azumi Baba Cheɗiyar 'Yan Gurasa da Balaraba Ramat Yakubu. Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON a 2014. Matasan yau da ba su san shi da littafi ba sun san fuskarsa a shirin Kwana Casa'in na tashar Arewa24, inda ya fito a matsayin Malam Adamu.

Abin da labarin ya ƙunsa

Ginshiƙan labarin mutum uku ne. Sumayya 'yar masu hali ce. Muhammad saurayi ne mai natsuwa da tarbiyya, amma ba shi da abin hannu. Abdulƙadir kuma matashi ne mai dukiya wanda ya ga Sumayya ya ce sai ita. Sumayya ba ta ɓoye abin da ke ranta ba, Muhammad take so. Da Abdulƙadir ya ga ba zai samu shiga ta wurinta ba, sai ya bi ta kan manyanta, inda abin hannunsa yake da tasiri. Daga nan magana ta tashi daga zancen saurayi da budurwa ta koma umarnin iyaye, aka tsayar da aure da wanda ba ta so. A littafin, da ƙunci ya kai wa Sumayya iya wuya, sai ta faɗa rijiya. Allah ya yi da sauran kwananta aka ceto ta, kuma wannan tashin hankali ne ya sa manya suka sake tunani. A ƙarshe masoyan biyu suka yi aure.

A taƙaice haka, mai karatu na iya cewa ai wannan labari ne da ya gani sau ɗari. Gaskiya ne, amma ya gan shi sau ɗari ne saboda waɗanda suka zo daga baya sun yi ta ɗibar ruwa a wannan rijiya ɗaya. Talaka mai hali nagari, attajiri mai taƙama da aljihu, yarinya a tsakiya, iyaye da kakanni suna jan igiya: wannan gini ne da fim ɗin Hausa ya zauna a kansa shekara da shekaru.

Abin da ya fi jan hankali idan aka sake duba labarin a yau shi ne inda ƙarfi yake. Muhammad ba jarumin faɗa ba ne. Ba shi da kuɗin da zai yi gasa, ba shi da dangin da za su tsaya masa a zaure, makaminsa haƙuri ne da kyawun hali. Sumayya ce mai motsa labarin, ita ce mai cewa a'a, ita ce kuma mai biyan kuɗin wannan a'a ɗin da lafiyarta. Su ma iyayen ba a nuna su a matsayin azzalumai marasa imani ba. Mutane ne da suke ganin sun fi yarinya sanin abin da zai amfane ta, kuma hasken dukiya ya kashe musu ido har suka kasa bambance mai arziki da mutumin kirki. Sunan labarin kansa yana ɗauke da wannan muhawara. Bahaushe yakan bambanta so da ƙauna: so na iya zama na ido da sha'awa, ya zo ya wuce, ƙauna kuwa ita ce mai zama, mai jure talauci da ciwo. Marubucin ya haɗa su biyun ne a matsayin sharaɗi, wato idan akwai su, sauran abubuwa masu sauƙi ne.

Zamanin da ya haife shi

Ba za a fahimci dalilin da ya sa labarin ya kama zukata ba sai an tuna halin da ƙasa take ciki. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu da aka sani da SAP. Darajar naira ta faɗi, albashi ya daina kai wa ƙarshen wata, masana'antun Kano na Bompai da Sharaɗa suka fara rage ma'aikata. Saurayin da ya yi karatu da zaton takarda za ta ba shi aiki sai ya wayi gari a dandali, ba shi da kuɗin lefe, yana kallon 'yan kasuwa da 'yan kwangila suna ajiye mota a ƙofar gidan budurwarsa. Dubban samari sun ga kansu a jikin Muhammad. Dubban 'yan mata kuma, waɗanda suka yi makaranta suka iya karanta wasiƙa da rubuta amsa ba tare da ɗan aike ya san abin da ke ciki ba, sun ga kansu a jikin Sumayya. A birnin da ya tashi da siyasar NEPU da PRP, inda kalmar talaka take da nauyin da ya wuce rashin kuɗi kawai, labarin talaka ya kayar da mai kuɗi a fagen neman aure ba zai rasa masu tafi ba.

Sai kuma tasirin Indiya. Tun wajen shekarun 1950 'yan kasuwa Labanawa masu gidajen silima suka fara kawo fina-finan Indiya Arewa, daga baya gidajen talabijin suka shigar da su cikin gidaje. Masanin nan ɗan Jami'ar Columbia ta Amurka, Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya buga wata maƙala a mujallar Africa a 1997 inda ya ɗauki In Da So Da Ƙauna a matsayin babban misali. Hujjarsa ita ce Hausawa sun rungumi fim ɗin Indiya ne domin sun ga al'umma mai kama da tasu: akwai kunya, akwai girmama iyaye, akwai auren haɗi, ga kuma matasa suna fafutukar zaɓin zuciyarsu ba tare da sun fita daga da'irar dangi ba. Fim ɗin Amurka bai ba su wannan ba. Marubutan soyayya sun ɗauki wannan rikici suka dasa shi a unguwannin Kano, da sunayen Hausawa da matsalolin Hausawa.

Akwai wani dalili na uku da ba a cika ambata ba. Gidan silima a Kano wuri ne na maza, kuma tun zamanin Turawa yake da baƙin jini a idon malamai da iyaye. Macen kirki ba ta zuwa. Kaset ɗin bidiyo ne ya kai fim ɗaki, inda matan aure da 'yan mata suke. Da zarar mata sun zama manyan masu kallo, dole labaran da suka shafi aure da kishi da zaɓin miji su mamaye kasuwa, kamar yadda suka riga suka mamaye kasuwar littafi. Hafsat Abdulwaheed ta buga So Aljannar Duniya tun 1980, Balaraba Ramat kuma ta fito da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. Ado Ahmad bai fara wannan magana ba, ya dai faɗe ta da muryar da ta kai ko'ina.

Cece-kucen rijiya

Shahara ba ta zo ita kaɗai ba. Malamai da iyaye da wasu 'yan boko sun zargi littattafan soyayya da koya wa 'yan mata bijire wa iyaye, kuma wurin da aka fi nuna wa yatsa a wannan labari shi ne faɗawar Sumayya rijiya. Masu suka sun ce an mayar da yunƙurin kashe kai, wanda babban zunubi ne a Musulunci, ya zama mabuɗin biyan buƙata, kuma yarinyar da take cikin irin wannan hali za ta iya ɗaukar sa a matsayin darasi. Masu kare labarin sun amsa da cewa ba littafi ne ya ƙirƙiro auren dole ba, kuma tun kafin a haifi marubucin 'yan mata suke gudu daga gidan miji, wasu su shiga duniya, wasu su salwanta. A ganinsu marubuci ya ɗaga madubi ne kawai, kuma wanda bai ji daɗin abin da ya gani ba bai kamata ya fasa madubin ba.

A fagen ilimi ma an gwabza. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa wannan rubutu sunan Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta shi da ƙananan littattafan kasuwar Onica waɗanda suka yi tashe suka ɓace. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasu suka tsaya a ɗaya ɓangaren, suna cewa wannan adabi ne na zamani da ya sa dubban mutane karatu da harshensu. An shafe shekarun 1990 ana wannan musayar alƙalami a jaridu.

Idan za a yi adalci, kowane ɓangare yana da abin kamawa. Rauni ne a labari a ce ba a saurari yarinya ba sai da ta kai bakin kabari, kuma duk wanda zai kalli fim ɗin ko ya karanta littafin tare da ƙannensa ya kamata ya faɗa musu ƙarara cewa wannan ba hanya ba ce. Akwai kawu da gwaggo, akwai limami da mai unguwa, akwai Hisba, akwai kotu. Amma raunin na al'umma ne kafin ya zama na marubuci. Tambayar da ta fi dacewa ita ce me ya sa duk ƙofofin da ke gidan suka rufe har rijiya ce kaɗai ta rage a buɗe.

Abin da shari'a da doka suka ce

Da yake mahawarar takan koma kan addini, yana da kyau a san inda malaman fiƙihu suka tsaya. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a kotunan Musulunci na Arewa, uba yana da ikon da ake kira ijbari, wato ya aurar da 'yarsa budurwa ko da bai nemi yardarta ba. Amma ikon na uba ne, ba na kaka ko kawu ko yaya ba, sai wanda uban ya yi wa wasiyya, kuma malamai sun ɗaure shi da sharaɗin kada a cutar da ita. A gefe guda kuma akwai hadisan da Buhari da Muslim suka ruwaito masu umartar a nemi izinin budurwa, da kuma labarin Khansa'u bint Khidam, bazawarar da mahaifinta ya aurar ba da son ranta ba, Annabi (SAW) ya warware auren. Mazhabar Hanafiyya ba ta yarda a tilasta wa macen da ta balaga ba sam.

Wani abin da ya shafi labarin Muhammad kai tsaye shi ne batun kufu'i, wato dacewar miji da mata. Malikiyya sun taƙaita shi ga addini da kuɓuta daga aibobin da ke hana zaman aure. Ba su sa dukiya ko asali a ciki ba, kuma mafi ƙarancin sadaki a wurinsu rubu'in dinari ne. Ana buƙatar miji ya iya ciyarwa da tufatarwa da samar da wurin zama daidai ƙarfinsa, amma babu inda aka ce sai ya fi abokin takararsa kuɗi. Ke nan abin da ya tsaya tsakanin Muhammad da Sumayya al'ada ce da kwaɗayi, ba littafin fiƙihu ba.

Kotunan Najeriya ma sun taɓa magana. A tsakiyar shekarun 1980 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Kaduna ta yanke hukunci cewa uban da ya riga ya ba 'yarsa damar zaɓa tsakanin manemanta ya sauke ikonsa na ijbari, ba zai dawo daga baya ya tilasta mata wani ba. A matakin tarayya an yi dokar kare haƙƙin yara a 2003, amma Kano ba ta samu tata ba sai a Mayun 2023, lokacin da Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu ana saura kwanaki ya bar mulki. Kafin nan, a 2017, Sarki Muhammadu Sanusi II ya ɗauko batun kundin dokar iyali wanda ya taɓo auren dole da saki da ciyarwa, aka yi ta ka-ce-na-ce a kansa.

Wanda yake ganin auren dole tarihi ne, ya tuna abin da ya faru a yankin Gaya a 2014, inda aka gurfanar da wata yarinya 'yar shekara 14 bisa zargin sa wa mijinta guba a abinci kwanaki kaɗan bayan ɗaurin aure, mutum huɗu suka mutu. Gwamnatin jiha ta janye ƙarar a 2015. Ɗaya rabin labarin, wato saurayin da talauci ya hana aure, shi ma yana nan daram. Shi ya sa gwamnatin Kano ta fara aurar da zawarawa ta hannun Hisba a 2012, kuma a Oktoban 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ɗaura auren ma'aurata 1,800 a shirin auren gata. Idan har sai gwamnati ta sayi gado da katifa kafin dubban mutane su iya aure, to Muhammad bai bar dandali ba tukuna.

Daga Sangaya zuwa Kofa

Abin da ya biyo bayan 1994 sananne ne. Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki a ƙarshen shekarun 1990, ya buɗe babin rawa da waƙa da kiɗan fiyano, kuɗi suka shigo, matasa suka yi tururuwa. Wasila ya biyo baya. Daga nan hukuma ta shigo. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a 2000, gwamnati ta dakatar da harkar fim a ƙarshen shekarar, sannan ta kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i a 2001. A 2007, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, an ƙona littattafan soyayya da aka ƙwace a makarantun 'yan mata ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, kuma a shekarar aka dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni bayan wani abin kunya da ya shafi wata 'yar wasa. Ko a Mayun 2025 hukumar ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 bisa rashin kawo su a tace.

Mutanen Kano ta Kudu suna da nasu kaso a wannan tarihi, domin a ƙasarsu aka yi ɗaya daga cikin manyan karon da aka taɓa yi tsakanin fim da mumbari. A Yulin 2016 Hukumar Fina-finai ta Najeriya ta bayyana shirin gina alƙaryar fim ta naira biliyan 3 a kan fili mai hekta 20 a garin Kofa da ke Ƙaramar Hukumar Bebeji, mahaifar ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Ƙiru da Bebeji, Abdulmumin Jibrin. Malamai da dama suka yi ca a huɗubobi da gidajen rediyo da Facebook, suna cewa za a buɗe ƙofar ɓarna. Cikin kwanaki kaɗan gwamnatin Muhammadu Buhari ta janye, kuma Abdurrahman Kawu Sumaila, wanda a lokacin yake mai taimaka wa shugaban ƙasa kan harkokin Majalisar Wakilai, shi ya sanar da hakan. Har yau ana musu a majalisun yankin. Wasu na ganin an kare tarbiyya, wasu na ganin an yi asarar aikin yi da matasan Bebeji da Ƙiru suke matuƙar buƙata, kuma fim ɗin da aka guje wa ya shigo ta waya ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Abin lura shi ne kalmomin da aka yi amfani da su a kan Kofa a 2016 kusan su ne aka yi amfani da su a kan Sumayya a farkon shekarun 1990.

Ga mai niyyar kallo

Wanda ya saba da fina-finan yau sai ya shirya wa abin da zai gani. Aikin kaset ne na farkon zamani, hoto da sauti ba za su yi gogayya da na kyamarar yanzu ba, tafiyar labari kuma a hankali take, irin ta mutanen da suka fito daga wasan daɓe da na rediyo, inda magana ta fi motsi muhimmanci. Amma a nan ribar take. Fina-finan wancan lokaci sun adana Kano ta shekarun 1990 ba da niyya ba: ɗinkin da ake yayi, adon ɗaki, motocin da ke kan titi, yadda saurayi yake sallama a ƙofar gida, da Hausar da ba ta cakuɗe da Turanci ba. Ya fi daɗi a kalle shi da iyaye ko yayyen da suka yi zamanin, domin su ne za su ce ga wanda aka yi wa irin wannan a danginmu, kuma sau da yawa hirar da za ta biyo baya ta fi fim ɗin tsawo.

Samun tsofaffin fina-finan Hausa da kyawun hoto aiki ne. Kasuwar kaset ta Ƙofar Wambai da Bata, wadda ta riƙe masana'antar shekaru, ta mutu da zuwan faifan CD sannan waya da YouTube. Kaset kuwa ba ya son zafi da ƙura da laima, zarensa yakan manne ko ya yi fumfuna. Mai nema sai ya tambayi masu tura fim, ya duba intanet, ya kuma tambayi tsofaffin masu shagon haya, in bai dace ba ya nemi littafin, wanda a wurinsa labarin ya fi cika.

Hanyar da ta karya daga Kwanar Dangora ta nufi Jos ita ce take kai mutum hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, inda ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa take, kuma tun Janairun 2024 Ali Nuhu ne shugaban hukumar. An taɓa ganin abin da gyara zai iya yi: fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓata, sai aka gano shi a wani tsohon ɗakin ajiya a Legas, aka gyara shi da taimakon wata cibiya ta Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Fina-finan kaset na shekarun 1990 suna jiran irin wannan aiki, kuma da yawansu kwafin da ya rage yana cikin akwatin wani gida ne. Wanda ya tarar da irinsu a ɗakin mahaifiyarsa wannan Sallar, ya kaɗe musu ƙura, ya jera su a tsaye a wuri mai sanyi nesa da rana, sannan ya nemi mai na'urar juya kaset zuwa kwamfuta tun zaren bai gama lalacewa ba.